Gidan Gado a Tudun Wada: Wa Ke Riƙe da Makulli Kafin a Raba?

Duk wanda ya saba ratsa lungunan Tudun Wadan Zariya, daga bakin kasuwa zuwa Agoro, ko ya nausa wajen Kongo, ya san irin gidan da ake nufi. Tsohon gini ne mai faɗi. Zauren an fasa shi an fitar da shaguna biyu ko uku suna kallon titi. Ciki ɗakuna ne a jere, wasu da 'yan haya, wasu da jikoki, wasu an garƙame su da kwaɗon da tsatsa ta riga ta cinye. Kwano yana yoyo tun daminar bara, babu mai gyarawa, domin kowa yana jiran kowa. Ka tambayi maƙwabta, amsar ɗaya ce: "Ai gidan gado ne, ba a raba ba." Ka ce yaushe mai gidan ya rasu, sai a fara lissafi da gwamnonin da suka shuɗe.

A irin wannan gida akwai mutum ɗaya da kowa ya sani. Shi ke karɓar kuɗin haya, takardun gidan suna cikin akwatinsa, shi ake nema idan masu wuta sun zo yanke layi. Wani lokaci babban ɗa ne, wani lokaci ƙanen mamacin. Yawancinsu babu kotun da ta naɗa su, babu takardar da ta faɗi iyakar ikonsu, kuma babu ranar da aka sa musu su zauna su karanta wa 'yan uwa abin da ya shigo da abin da ya fita. Akasarin rigimar gado da ke kai mutanen unguwar nan gaban alƙali, daga hannun wannan mutum take tashi, ko da shi mutumin kirki ne.

Tarihin unguwar yana da hannu a ciki. Tudun Wada ta tashi ne a farkon mulkin Turawa a wajen ganuwa, tsakanin birnin Zazzau da Sabon Gari, aka zaunar da baƙi 'yan Arewa waɗanda ba su da gidan kakanni a cikin birni: ma'aikatan gwamnati, fatake, malamai, masu sana'ar hannu. Nan Alhaji Abubakar Imam ya zauna yana aikin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fita a 1939. Ga tsohon asibitin koyarwa, ga makarantun da suka kewaye unguwar suna turo ɗalibai masu neman ɗakin haya. A ƙauyukan Zazzau da M. G. Smith ya yi nazari a kansu wajen 1950, uba zai rasu 'ya'yansa su ci gaba da gandu, a yi noma tare, a ci daga rumbu ɗaya, kowa yana ganin abin da gona ta bayar. Magidancin Tudun Wada kuwa abin da yake bari gida ne, da shago, da fansho, da ɗan abin da ke banki. Kuɗin haya ba dami ba ne da za a tara a tsakar gida kowa ya ƙirga; aljihu ɗaya yake shiga. An riƙe al'adar gandu ta barin komai a hannun babba, amma idon da ke tsaron gandu ya ɓace.

Lissafin ba shi ne wuyar ba

Rabon kansa ba ɓoyayyen ilimi ba ne. Ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i sun yanka kaso, littattafan Malikiyya irin su Risala da Muhtasar sun yi bayani, kuma a Kongo, tafiyar ƙafa daga Tudun Wada, Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci sun daɗe suna yaye alƙalai da lauyoyin da suka san fannin. Tsarin ma a jere yake: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya matuƙar ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, abin da ya saura shi ne na magada.

A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza uku da mata huɗu, aka kimanta gidansa bayan an biya bashi ya kama naira miliyan 24. Matan biyu suna da tumuni, wato miliyan 3, kowace miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 4. Saura miliyan 17 a kasa goma: kowane namiji miliyan 3 da dubu 400, kowace mace miliyan 1 da dubu 700. Ɗalibin da ya yi wata biyu a babin gado zai fitar da wannan kafin shayi ya huce.

Amma gida ba kuɗi ba ne. Ranar da aka zo rabo da magina da tef ɗin awo da mai unguwa, sai a tarar rijiya ɗaya ce, makewayi biyu, ƙofar fita ɗaya. Shagon bakin titi yana kawo abin da ɗakuna uku na ƙurya ba sa kawowa. Kason mace ɗaya bai kai ɗaki cikakke ba. A sayar, tsohuwa ta ce ba za ta ga an sayar da gidan ɗanta tana raye ba, ƙananan yara kuma ba su da inda za su. Sai a ce a bari sai an yi arba'in. Bayan arba'in, a bari sai mata sun fita takaba. Bayan wata huɗu da kwana goma, a bari sai wane ya dawo daga Legas. Akwai jinkirin da shari'a ta sani: idan matar mamaci tana da ciki, a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu, kuma mai takaba tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta gama idda. Wanda ya wuce wannan, yawanci kunya ce da gudun a ce wane ya matsu da dukiyar ubansa.

Jinkirin yana da tsada. Tsohuwar nan mai miliyan 4 idan ta rasu kafin rabo, kasonta ya koma ga nata magadan, wato baffanni da gwaggwannin yaran. Ɗaya daga cikin mazan ya rasu, matarsa da 'ya'yansa sun shigo. Malamai suna kiran wannan munasaha, gado a cikin gado. Gidan da mutum goma za su raba, bayan shekara ashirin sai a sami mutum arba'in, wasu ko sunan mai gidan ba su riƙe ba. Waɗanda suka fi cutuwa kuwa 'ya'ya mata ne da ke gidajen aurensu. Kalmar da ake kashe musu baki da ita kowa ya santa: "Ke da kike ɗakin mijinki, me za ki yi da ɗaki a nan?" Alhali tun daga ranar da uban ya cika, tana da kasonta a cikin kowace naira ta haya, kuma tana da ikon neman a raba ko da sauran duk ba sa so. Idan wani magaji ya sayar wa bare da kasonsa kafin rabo, sauran suna da haƙƙin shufa'a, su biya kuɗin da baren ya biya su karɓi abinsu.

Abin da ke kan mai riƙo

Shari'a ta san mutumin da ke riƙe dukiyar wasu, ta kuma ɗaure shi da igiya mai ƙarfi. Uba yana iya naɗa wasiyyi tun yana raye, wanda zai kula da ƙananan 'ya'yansa da dukiyarsu. Sharaɗin shi ne ya zama Musulmi, baligi, mai hankali, adali, wanda zai iya aikin. Ba dole sai namiji ba; uwar yaran ma ana iya naɗa ta, kuma sau da yawa ita ce ta fi kowa sanin kuɗin makaranta da na magani. Idan uba bai naɗa kowa ba, alƙali ne ke da ikon naɗawa. Zama babban wa ko baffa kaɗai ba ya mai da mutum wasiyyi.

Ayoyin farko na Suratun Nisa'i sun zayyana aikin filla-filla. Kada a cakuɗa dukiyar maraya da ta mai riƙo don a ci. Mai riƙon da yake da wadata ya kame hannunsa, matalauci ya ci gwargwadon wahalarsa. A riƙa jarraba yaro, idan ya balaga kuma aka ga ya san ciwon kuɗi, a miƙa masa abinsa a gaban shaidu. Malaman Malikiyya sun ɗora a kan haka: ana karɓar maganar wasiyyi a kan abin da ya kashe wajen ci da sutura idan ta yi daidai da hankali, amma idan ya ce ya riga ya miƙa wa maraya dukiyarsa, sai ya kawo shaida. Ba ya sayar da gida ko filin maraya sai da larura ko wata riba bayyananna. Idan ya sayi kayan maraya wa kansa, alƙali zai bi cinikin ya duba. Idan ha'inci ya tabbata, a tuɓe shi, ya kuma biya abin da ya salwantar.

Akwai wani nauyin da masu gaskiya ma suke sakaci da shi. Mutum zai karɓi kuɗin marayu ya kulle a asusu, ya ce ko kwabo bai taɓa ba. Madalla da tsoron Allah, amma a ƙasar da dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100, kuɗin da aka kulle yana narkewa ne a inda yake. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta, Nana A'isha kuma takan ba 'yan kasuwa dukiyar marayun da ke hannunta su yi fatauci da ita. Yau akwai hanyoyin da ba su da ruwa a ciki: gwamnatin tarayya tana fitar da sukuk tun 2017, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, ga fili, ga shago. Abin da babu dama shi ne mai riƙo ya zuba kuɗin a cikin tasa harkar ba rubutu, idan ta yi riba tasa ce, idan ta karye "ƙaddara ce ta faɗa wa kuɗin yara".

A ganina, littafin rubutu na naira ɗari biyar zai kashe rabin wannan rigima. Hayar da aka karɓa da ranar, gyaran da aka yi da rasiti, abin da aka ba kowa da sa hannunsa, sannan zama sau ɗaya a shekara a karanta. Dokar amana ta Turawa, wadda kamfanonin riƙon amana masu rajista da hukumar kula da hannayen jari ke aiki da ita a Najeriya, ita ma a kan wannan ta tsaya: a ware dukiyar amana daban, kada mai riƙo ya ci ribar ɓoye, kuma duk lokacin da mai haƙƙi ya nemi ganin lissafi a nuna masa. Ƙanwa ta tambayi yayanta lissafin haya ba rashin kunya ba ne. Mai riƙon ma kansa yake tsarewa, domin wanda bai rubuta ba, ranar da aka zarge shi ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

Shari'ar fam goma

Mutanen Zariya kaɗan ne suka san cewa shari'ar da ɗaliban lauya a duk faɗin Najeriya ke haddacewa a kan wasiyyar Musulmi daga garinsu ta taso. Wani Musulmi ɗan asalin ƙasar Yarabawa, mazaunin Zariya, ya rubuta wasiyya bisa dokar Ingila ta 1837, ya bar wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa fam 10 kacal, ya fifita sauran. Ɗan ya shigar da ƙara a 1967. Mai shari'a Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Najeriya, ya yanke cewa Musulmi ba zai yi amfani da dokar Ingila ya karya ƙa'idar Malikiyya ba: babu wuce sulusi, babu wasiyya ga magaji. A 1971 Kotun Ƙoli, a shari'ar da aka sani da Adesubokan da Yunusa, ta rushe wannan hukunci, ta ce dokar 1837 tana aiki a ƙasar, kuma ta ba mutum ikon raba dukiyarsa yadda ya ga dama.

Hukuncin ya tayar da ƙura a Arewa, kuma da doka aka ba shi amsa. Jihar Kaduna ta yi tata dokar wasiyya, wadda ke cikin kundin dokokin jihar na 1991, ta fitar da wanda ya rasu yana ƙarƙashin shari'ar Musulunci daga wancan 'yanci. Kwara ta yi irin haka, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Ajibaiye, ta soke wasiyyar wani Musulmi da ya nemi kauce wa rabon Musulunci. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya sa wasiyya da gado da kyauta da wakafi da riƙon marayu na Musulmi a cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha. Saboda haka magidancin Tudun Wada da ya je wajen lauya don ya hana wani ɗa gado, kuɗinsa kawai zai kashe.

Ƙofofin da suke a buɗe

Wasu sukan ɗauki wannan su ce to ai babu abin shiryawa, Allah ya riga ya raba. Wasu kuma suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran mutuwa ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Sulusin nan da hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya iyakance yana da aiki babba. Mutum yana da jikokin da ubansu ya riga shi rasuwa. Idan yana da wasu 'ya'ya maza a raye, jikokin ba su da gado, baffanninsu sun kare su. Masar ta magance wannan a dokarta ta 1946 da wasiyya ta dole. A nan babu irin wannan doka, sai dai kakan ya rubuta musu da kansa. Haka agolan da ya tashi a gida, da ɗan riƙo, da yaron shagon da ya yi shekara da shekaru yana hidima. Idan ba a rubuta ba, sun dogara ne da tausayin magada, shi kuwa tausayi yakan yi ƙaranci ranar rabo.

Ƙofa ta biyu kyauta ce, kuma nan ne mutane suka fi tuntuɓe. "Baba ya ba ni shagon nan tun yana da rai" magana ce da alƙalai suka gaji da ji. A Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya mallake ta tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Uba ya ce ya ba ɗiyarsa shago amma shi ke karɓar haya har ya rasu, alhali ita baliga ce, shagon ya koma gado. Ya ba matarsa ko ƙaramin ɗansa gidan da shi kansa yake ciki bai tashi ba, akwai magana. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuwa hukuncin wasiyya take ɗauka. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir kuma ya ja kunnen iyaye a kan fifita wani ɗa da kyauta. Mai 'ya'ya mata zalla, wanda ya san kashi biyu cikin uku ne nasu, saura bayan kason matarsa ya tafi ga 'yan uwansa, idan yana son ya bar musu matsuguni, yanzu ne lokacin, da shaidu da sauya suna a takarda.

Ta uku ita ce wakafi, ko hubusi: a tsare asalin dukiya, ba sayarwa, ba kyauta, ba gado, a riƙa cin amfaninta. Asalinsa gonar Sayyidina Umar ce ta Haibara. Mun saba da shi a masallaci da maƙabarta da rijiya, amma ana yin sa don zuriya, a ce hayar waɗannan shaguna ta karatun jikoki ce, ko wannan sashe na duk ɗiyar da aurenta ya mutu ne. Malikiyya ma ta yarda a yi shi na ƙayyadadden lokaci. Sai dai shi ma dole ya bar hannun mai shi ya koma hannun naziri, wato mai kula da shi, tun da lafiya, kuma wakafin da aka yi wa maza aka cire mata, Muhtasar ya ƙirga shi cikin ɓatattu. Yana da nasa haɗarin. Masar ta soke wakafin zuriya a 1952 bayan masu cin amfani sun yi yawa, kaso ya zama ƙiris, nazirai kuma suka yi ƙiba. Darasin shi ne a rubuta yadda za a sauya naziri, da wanda zai duba littafinsa, da inda dukiyar za ta koma idan zuriya ta ƙare. Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara suna da irin tasu. Makarantar Islamiyya ko masallacin unguwa kuwa, mafi aminci a yi musu rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, filin ya koma sunansu. Idan ya zauna da sunan malamin da ya kafa, ranar da ya rasu ajin yara na iya shiga lissafin gado.

Takardun da ba sa jin rantsuwa

Banki ba ya sauraron shaidar mai unguwa. Sunan da mutum ya rubuta a fom a matsayin makusancinsa, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Ba ya mai da shi mai kuɗin. Kafin a saki abin da ke asusu sai an kawo takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci, kuma abin da aka saki na dukkan magada ne. Haka kuɗin fansho ƙarƙashin dokar 2014, da inshorar rai da dokar ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata, wadda ba ta gaza albashin shekara sau uku ba. Iyalai da yawa ba su ma san da ita ba.

Akwai kuma dukiyar da ke ɓacewa don babu wanda ya san da zamanta. A 2023 hukumar kula da hannayen jari ta ce ribar hannun jari da ba a karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190. A 2024 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idar kwashe kuɗin asusun da suka shekara goma ba a taɓa ba zuwa wani asusun amana a hannunsa. Magada suna iya nema, amma sai sun san akwai shi. Tsofaffin ma'aikatan Tudun Wada da suka sayi hannun jari a shekarun 1970, takardun wasunsu suna nan a ƙarƙashin katifa. Ga filaye: tun dokar ƙasa ta 1978 sauya mallakar fili mai takardar gwamna yana buƙatar amincewarsa, a Kaduna kuma ta hannun hukumar filaye ta KADGIS ake bi. Gidan da aka raba a baki, takarda tana nan da sunan kaka, duk wanda ta faɗa hannunsa zai iya kai ta wajen dillali.

Mai gida, ka samu rana ɗaya cikin satin nan. Ka rubuta abin da ka mallaka da inda takardunsa suke, bashin da ake bin ka har da ragowar sadaki, da wanda kake bi, da kayan mutane da ke ajiye a wurinka. Ka faɗi wanda ka amince ya riƙe ƙananan 'ya'yanka, ka tambaye shi ko ya yarda, adalai biyu su sa hannu, ka ba uwargida kwafi. Kai kuma da makullin gidan gado yake hannunka, ka tara 'yan uwanka maza da mata kafin azumi mai zuwa, ka buɗe musu lissafi, ku sa ranar rabo. Idan kun kasa daidaitawa, kotunan Shari'a na Zariya suna zama daga Litinin zuwa Juma'a.